Inda Kwalta Ta Ƙare

 

Bahaushe matafiyi ne tun asali, amma ba ya tafiya sai da dalili. Kakanninmu sun kora jakuna har Gwanja neman goro, sun taka da ƙafa ta Chadi da Sudan zuwa Makka, wasu ma ba su dawo ba, jikokinsu na can har yau. Mu ma haka muka taso. In ka ga mutum ya ɗaure jaka, to biki ne, ko ta'aziyya, ko fatauci, ko jinya. Ka ce wa maƙwabcinka za ka ƙona mai ka tafi ganin ƙasa kawai, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Lafiya dai, Malam?" Shi ya sa da yawanmu mun haddace sunayen garuruwan kan hanya, mun san inda ake tsayawa a yi sallah a ci tsire, amma ba mu taɓa ratsewa mun ga abin da ke bayan shagunan bakin titi ba.

A hunturun da ya wuce, ni da wasu abokaina na makarantar kwana muka yi irin wannan tafiya. Muka tashi daga Sakkwato muka bi ruwa yadda yake gangarawa, daga Gulbin Kabi har inda Kogin Kwara ya buɗe ya zama tafki a ƙasar Yawuri. Mai motar Bakatsine ne, ɗan kasuwa, wanda duk abin da ya gani sai ya yi masa kuɗi. Akwai malamin tarihi, akwai ma'aikacin lafiya, sai ni mai yawan tambaya. Sharuɗɗa biyu muka gindaya wa kanmu tun kafin a tayar da mota: ba tafiyar dare, kuma ba ma shiga inda ba mu da mai masauki. Ba sai na gaya muku dalili ba, kun san halin da hanyoyinmu ke ciki.

Bayan sallar asuba muka fita, hazo ya rufe gari, fitilar mota ba ta haska komai sai fari. Kafin rana ta ɗaga mun wuce Boɗinga. Malamin tarihi ya so a ratse Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna 'yan shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815, amma Bakatsine ya ce shi bai karya ba, kuma ciki ba ya jin tarihi. Aka tsaya wurin mai shayi. Duk ƙaramin garin da ke kan wannan hanya tsarinsa ɗaya ne a bakin kwalta: tudun da mutanen gari suka yi don motoci su rage gudu, mai faci da tsohuwar taya a rataye, ɗan bumburutu da jarkokinsa, yaro a ƙarƙashin lema da na'urar POS, 'yan mata da farantan gyaɗa da dafaffen ƙwai. Sai shingen jami'an tsaro, a sauke gilashi, "Yallaɓai, ya aiki?" a wuce. Wanda bai sauka ba zai rantse garuruwan duk ɗaya ne.

Argungu ce ta fara ƙaryata wannan. Muka shiga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka mayar gidan adana kayan tarihi a 1958, inda kuma ake binne sarakunan. Ga masu, ga takubba, ga sulke, ga tambura. Dattijon da ya zaga da mu yana jin harshen mai motarmu ya tsaya cak. Ya ce, "Af, ashe da bawana kunka zo? To shi ka biyan kuɗin kowa." Bakatsine ya ce, "Baba, ai sadaka zan ba ku, mutanen da ba su san komai ba sai kifi." Aka bushe da dariya. Wasan Kabawa da Katsinawa ke nan, kuma albarkacinsa dattijon ya haɗa mu da wani ɗansa ya raka mu bakin Matan Fada.

Duk mun saba ganin wannan ruwa a talabijin ranar bikin kamun kifi, dubban maza ɗauke da homa da gora suna rugawa a guje da zarar an buga bindiga. Bikin a siffarsa ta yau ya samo asali ne daga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. An yi kusan shekara 10 ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a watan Maris na 2020. Amma ranar da ba biki, Matan Fada ruwa ne shiru, ba shi da wani faɗin a zo a gani. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ba ko mutum ɗaya da ke su a wurin. Ruwan a rufe yake, kuma Sarkin Ruwa ne ke da ikon buɗe shi. Giwan ruwan da ake ɗagawa a nuna wa manyan baƙi ba daga sama take faɗowa ba, ƙyale ta aka yi ta girma. A ganina wannan doka ta fi bikin kansa daraja, ko da yake ita ba a gayyatar gwamnoni kallonta.

Daga Argungu zuwa Birnin Kebbi fadama ce iya ganinka, kuma shinkafar rani ce a cikinta. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamba na 2015, daga nan sunan Kebbi ya manne da shinkafa. Manoman da muka tsaya wurinsu ba maganar rance suke yi ba, maganar fetur suke. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, injin ban-ruwa ya zama abin da ke cinye ribar gona, shi ya sa za ka ga faifan sola a tsakiyar shinkafa, wurin wanda ya samu halin saye. Suna kuma tuna ambaliyar 2020, wadda ta shafe gonakin damina a wannan kwari. Ruwan da ke ciyar da su shi ne ke cinye su, ya danganta da shekarar.

Birnin Kebbi muka kwana. Kalgo, Jega da gadarta a kan Gulbin Zamfara, Maiyama, Koko, duk waɗannan mun wuce su ne da ɗan tsayawa kaɗan, a sha ruwa, a duba taya. Kada mutanen Jega su yi fushi, garinsu ya cancanci shiri nasa shi kaɗai. Hankalinmu na Yawuri.

A Yelwa mai masaukinmu ke jira, shi ma abokin karatunmu ne, ɗan garin. Wanda bai taɓa ganin Kwara a nan ba, in ya tsaya a bakin ruwa sai ya yi shiru tukuna. Mu 'yan tudu mun saba da gulbin da ke ƙafewa da rani har yara su buga ƙwallo a cikinsa. Nan kuwa ga shi tsakiyar hunturu, an yi watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba, amma kogi a cike yake, har ƙaruwa ma yake yi. Dalilin yana da daɗin ji. Kwara na cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta ruwan damunarmu ce, wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwa mai laka, fari-fari. Ta biyu kuwa ruwan saman da ya sauka ne a tsaunukan Gini, inda kogin ya faro. Sai ya bi ta Mali, ya bazu a cikin manyan fadamun da ke kudu da Tambutu, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, lakarsa ta kwanta a can, sannan ya biyo ta Gawo da Yamai da Gaya ya iso mana wajen Disamba zuwa Fabrairu, garai-garai, har ya yi duhu. Kogi ne mai tsawon kusan kilomita 4,200. Masuncin Yawuri bai taɓa zuwa Gini ba, amma da damunar Gini yake lissafin shekararsa.

Malamin tarihi ya samu abin da yake so a nan. Ya tuna mana cewa a gangaren wannan ruwa, a duwatsun Busa, Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, kuma a 1830 wasu Turawa biyu 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, suka zo har fadar Sarkin Yawuri suna neman takardunsa. Wurin da Park ya mutu yanzu yana ƙarƙashin tafki, tare da tsohon garin Busa ɗungurungum.

A nan mota ta gama aikinta. Muka ajiye ta a gidan kawun mai masaukinmu, muka hau babura muka bi wata jar hanya mai yashi, muka ratsa gonakin albasa da ake nomawa a kan ƙasar da ruwa ke ja baya ya bari. Inda babur ya kasa, kwalekwale ya karɓa. Haka muka isa tungar da za mu kwana.

Bukkoki ne na zana da ciyawa, wasu an lulluɓe su da leda saboda raɓa, a kan wani tudun yashi. Ba a gina komai da niyyar daɗewa, domin in ruwa ya hau za a matsa sama, in kifi ya yi nisa za a bi shi. Masallaci shi ma zana ce aka kewaye. Aka kai mu wurin mai tunga, wani dattijo Basarke da ke zaune yana ɗinkin raga, ya maƙale ta a babban yatsan ƙafarsa. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi mai masaukinmu lafiyar kawunsa da ta mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juyo gare mu: "Samari, mi kunka zo nema?" Muka ce, "Baba, ziyara ce kawai." Ya ɗan yi shiru. Ya ce mutanen da ke zuwa musu da takalma masu tsabta iri uku ne, masu karɓar haraji, masu neman ƙuri'a, da masu rubuta sunaye su tafi ba a sake ganinsu. Da ya tabbata ba mu cikin ko ɗaya, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa. Sai da ɗan gari akan ci gari, kuma a zamanin nan da baƙuwar fuska ke tayar da hankalin ƙauye, wanda ya zo ba ɗan rakiya ba zai samu ko wannan tabarmar ba. Ban ga laifinsu ba.

Tungar ba ta ƙabila ɗaya ba ce. Akwai Sarkawa da Kabawa, akwai Nufawa, akwai Gungawa, waɗanda su ne asalin mazauna tsibiran wannan kogi, har da wasu da iyayensu suka gangaro daga Mali da irin gurarsu ta kama kifi. Hausa ce ke haɗa kowa.

Da yamma na je na tsaya wurin mata masu banda. Ganga ce ta ƙarfe aka yanke, aka huda mata baki a ƙasa, aka ɗora ragar waya a sama. Tarwaɗa ake lanƙwasawa a soke wutsiyarta a baki ta zama zobe, ƙarfasa kuma a fede ta a shimfiɗa. Ba harshen wuta ake so ba, hayaƙi ake so, saboda haka mace na tsaye da ɗan kwanon ruwa, wuta na tasowa ta yayyafa mata. Tana juya kifin da hannu tsirara, idanunta jajur suna zubar da hawaye, goyo a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. Ta ce min in wuta ta yi yawa kifi ya ƙone ya karye a kwali, in ta yi kaɗan ya yi tsutsa kafin ya kai kudu, kuma ko wanne ya faru ita za a zaga. Itacen ma saye suke yi, daga tudu ake kawo shi a jirgi. Daren nan mun ci tuwon shinkafa da romon ƙurungu wanda har yau Bakatsine ke zancensa.

Shi Bakatsinen tuni ya fara lissafi. Ya ji kuɗin kwandon kifi a bakin ruwa, ya tuna kuɗinsa a kasuwar birni, ya ce shi ya ga sana'a. Mai tunga ya yi murmushi ya ce ya makara. Kusan kowane masunci a nan yana da ubangida a gari, wanda ya ba shi raga, ko inji, ko kuɗin jinyar iyali, bisa sharaɗin shi zai riƙa sayar wa kifi, a farashin da shi ubangidan ya yanka. Bashin ba ya ƙarewa, domin kafin a biya na raga, ragar ta mutu. Kifin kuma ya ragu. Dattawa na ɗora laifin a kan dala, wato babban tarun nan mai ƙananan idanu da ake ja zuwa gaɓa don kama warangi, wanda ke kwaso har 'ya'yan manyan kifaye tun ba su kai tsawon yatsa ba. An taɓa hana shi a wannan tafki a ƙarshen shekarun 1990, lokacin wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus. Wani matashi da ke gefe ya ce shi bai ƙi a hana ba, amma a fara gaya masa abin da zai ba 'ya'yansa a watannin da ake jiran kifi ya girma. Ba wanda ya ba shi amsa, har da mu masu takardun makaranta.

Da dare ya yi, tunga ta yi duhu ƙirin, ban da fitilun hannu da wani ƙwan lantarki guda a rumfar yaron da ke cajin waya da faifan sola. Ku riƙe wannan a ranku, sannan ku ji tarihin ruwan da muke kwance a bakinsa. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwan da ta tare ya yi tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, tun daga Kainji har Yelwa. Mutane kusan 44,000 aka tasa daga garuruwansu da tsibiransu da gonakinsu da maƙabartun iyayensu, aka mayar da su sababbin matsugunai. An tsara madatsar da injuna 12, aka girka 8, masu ƙarfin megawat 760. Wutar ta tafi Legas, ta tafi Kaduna da Kano, ta bi ta Birnin Kebbi ta ƙetara har Yamai. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san nauyin wannan waya, domin sun ga abin da ya faru da aka yanke ta bayan juyin mulkin 2023. Su kuwa waɗanda aka tasa domin a samu wutar, jikokin wasunsu na biyan kuɗi a yi musu cajin waya a rumfar kara.

Ma'aikacin lafiyarmu bai iya zama haka nan ba. Da safe ya tara yara maza yana musu tambayoyi cikin wasa, ya dawo fuskarsa ba daɗi. Da yawansu na fitsarin jini, kuma sun ɗauka alamar girma ce. Tsargiya ce, wadda ake ɗauka a ruwan da dodon koɗi ke zaune, kuma maganinta ƙwayoyi ne da akan raba kyauta a makarantu. Matsalar ita ce a makaranta ake rabawa, su kuma yaran suna cikin kwalekwale. Tun 1989 akwai hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa, wadda daga baya aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura. A wannan tunga dai allo kawai muka gani. Mace in naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare, sai an samu mai jirgi, an samu mai, an kuma samu wanda ya san hanya a duhu.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya sa na ɗauko zancen tafiyar gaba ɗaya. Mu a mota tun daga Sakkwato muke ƙorafin ramuka, muna tsine wa 'yan kwangila. Amma kwalta, duk lalacewarta, tana da masu ita. Akwai hukumar kiyaye haɗurra tun 1988, akwai 'yan ƙungiya a tasha masu ƙirga fasinja, akwai allunan da ke cewa ga kwana, ga gada. Mutanen tunga da na tsibirai da na ƙauyukan ƙetare ba su da wata hanya sai ruwa. Ta nan suke zuwa kasuwa, ta nan suke kai amarya, ta nan suke kai gawa. Kuma wannan hanya tasu kusan ba mai kula da ita.

Ranar kasuwa muka je hawa jirgin inji don komawa. Dogon jirgi ne na katako, an toshe tsagoginsa da tsumma da ƙyallen gwangwani. Na tsaya na ga yadda ake loda shi. Buhunan albasa da na shanshera a ƙasa, kwalayen banda a kansu, babura a jingine a tsakiya, awaki a ɗaure, sannan mutane, mata da yara a ciki, maza a kan gefe, wasu a kan kaya. Duk wanda ya iso sai a ce, "Matsa masa, ai ba nisa." Kafin a tashi, tsakanin bakin jirgi da ruwa bai fi tafin hannu ba, ya zama kamar ƙwaryar furar da aka cika har baki aka ba yaro ya kai gona. Wani yaro na zaune a tsakiya da yankakkiyar jarka, aikinsa kwarfe ruwa tun daga tashi har sauka. Rigunan ruwa kuwa na ga 'yan ƙalilan, wata tsohuwa ta yi matashi da ɗaya. Mai masaukinmu ya dube mu, muka dube shi, muka sauka muka ɗauki shatar wani ƙaramin jirgi. Mu muna da kuɗin yin haka. Sauran ba su da shi, kuma kasuwa ba ta jira.

A hanya matuƙinmu, wani magidanci mai ƙarancin magana, ya riƙa karkata jirgi a inda ni ban ga komai ba sai shimfiɗaɗɗen ruwa. Na ce, "Malam, me kake kaucewa?" Ya nuna da haɓa. Sai da muka matso na ga wani baƙin abu yana leƙowa yana nutsewa. Kututturen itace ne, cikin itatuwan da tafki ya haɗiye tun 1968, suna nan tsaye a ƙarƙashi. In ruwa ya ja baya ana ganinsu, in ya cika sai su ɓuya ƙasa kaɗan da fuskar ruwa, daidai inda za su fasa cikin jirgi. Ya ce shi a wurin mahaifinsa ya koyi wurarensu, ɗaya bayan ɗaya. Ba alama ko ɗaya a kansu. Taswirar wannan hanya tana cikin kawunan mutane irinsa, kuma yaran da ke karɓar tuƙi yanzu ba duka suka zauna suka koya ba.

Kun tuna ranar 26 ga Mayu, 2021. Jirgi ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zai je Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, a kan wannan tafki, ɗauke da mutane fiye da 150, da babura, da buhunan ƙasa daga wurin haƙar zinariya. Ya rabe a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce 20 da 'yan kai ba. A watan Yuni na 2023, can ƙasa a yankin Patigi na Jihar Kwara, fiye da mutum 100 suka rasu cikin dare suna dawowa daga ɗaurin aure. Allah ya jiƙansu da rahama. Duk lokacin da haka ta faru, za a yi ta'aziyya, a hana tafiyar dare, a ce kowa ya sa rigar ruwa, hukumar raya yankunan madatsun ruwa ta HYPPADEC ma ta raba riguna a garuruwan bakin kogi. Wannan duk daidai ne. Za kuma mu ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ne, ba mai wuce ranarsa. Amma ban taɓa jin direban da ya ɗora fasinja 40 a motar mutum 18 ya ce wa 'yan ƙungiya ƙaddara ce sun ƙyale shi ya fita tasha ba.

Riga ita kaɗai ba za ta yi maganin abin ba, domin ba ta taɓa dalilin lodin. Jiragen kaɗan ne, kasuwa sau ɗaya ce a mako, mai ya yi tsada, saboda haka sawu ɗaya maƙare ya fi wa mai jirgi sawu biyu rabi-rabi. Fasinja kuma ya san in wannan ya tashi ya bar shi, albasarsa ta kwana. Abubuwan da za su rage mutuwa ba na biliyoyi ba ne. A ja layin fenti a jikin kowane jirgi, in ruwa ya taɓa layin an gama lodi. A ba masu jirage da sarakunan ruwa ikon tsare wannan layi a kowace mashaya, su da suka san kowa da sunansa, kuma mun ga a Argungu cewa in Sarkin Ruwa ya ce a'a, a'a ɗin ce. A ɗauki tsofaffin matuƙa a biya su, su zaga da ma'aikata lokacin da ruwa ya ja baya, a sare kututturan da za su saru, a ɗaura wa sauran alama mai yawo a kan ruwa. A ranakun manyan kasuwanni kuma gwamnatocin Kebbi da Neja su sa manyan jirage na ƙarfe, yadda ake sa motocin gwamnati a kan titi.

Mun so mu ƙarasa har Sabuwar Busa mu ga madatsar da idonmu, da cibiyar binciken kifi da ke garin. Kawun mai masaukinmu ya ce a'a, kuma bai yi dogon bayani ba. Mutanen da suka ga abin da ya faru a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021, ranar da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai, in sun ce kada a bi hanya, ba a musu da su. Muka juya ta Koko da Jega, muka tsaya Aliero Bakatsine ya cika bayan mota da albasa, muka bi ta Tambuwal da Shagari muka shiga Sakkwato da sauran rana.

Kafin mu rabu da matuƙin nan na tambaye shi, in hukuma za ta yi masa abu ɗaya tak, me zai zaɓa. Na zaci zai ce sabon inji. Ya ce a zo a cire kututturan da ke kan hanyar kasuwa tun yana da ƙarfin nuna su, domin idonsa ya fara rauni, kuma babban ɗansa acaɓa yake yi a Yelwa.

Masu saurarenmu na bakin kogi, daga Lolo da Bagudo har Yawuri da Warra da Malale, da na Gaya a ƙetaren iyaka, muna son jin yadda lamarin yake a mashayarku: wa ke ƙirga fasinja, wa ke da ikon cewa jirgi ya cika. Ku aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.